Ragon Maiguwa da Gwarzon Wata

Ragon balami ne, fari fat, dogo, kunnuwansa har wuya. Maiguwa ya sayo shi yana ɗan ƙarami a kasuwar Sabon Gida, jim kaɗan bayan matarsa Husna ta shaida masa tana da ciki. Ya ɗaure shi gindin dogon yaron da ke tsakar gidansu a Madawa, ya shiga ɗura masa harawa da dusa da kanwa. Ragon suna ne. Lokacin da aka haifi 'yarsu ta fari, Jamila, abin da hannunsa ya kai gare shi wani ƙanjamamme ne da mahauci ya ɗaga da hannu guda. Har yau dangin Husna na Galma, in za su faɗi shekarun wani yaro, sai su ce an haife shi shekarar da Maiguwa ya yanka zomo. Ya rantse ba za a sake ba.

Maiguwa direba ne a wata ƙungiya mai dogon suna wadda kowa ke kira Haɗin Kai. Tana raba wa manoma iri da taki, tana ajiye musu albasa har ta yi daraja. Babban bironta, wato ofishinta, yana Madawa, tana da reshe a Buza, wani a Keita, kuma abin da ya haɗa wuraren uku shi ne farar mota mai buɗaɗɗen baya da Maiguwa ke tuƙawa. Ya gaje ta ne daga wani Ahmadu, wanda aka kora don an kama shi da buhunan albasarsa na kansa a bayanta. Dokokin ƙungiyar da yawa ba wanda ya karanta su, amma wannan kowa ya san ta: kayan da ba na aiki ba ba ya hawa motar aiki.

Shugaban ƙungiyar, Mahfuzu, wanda ma'aikata ke ce wa Shef, mutum ne mai kirki da son zuwa atiliye, irin tarukan nan na ƙara wa juna sani da ake yi a otal a Tawa ko Yamai. Ba ya dawowa hannu rabbana. Daga wani ya dawo da cewa shugaba nagari ba ya rufe ƙofa, ya sa aka cire ƙyauren bironsa, har ranar da akuyar maƙwabta ta shiga ta cinye rabin rahoton shekara. Daga wani kuma ya dawo da taron tsaye, ba kujera, don kada magana ta yi tsawo. Maganar ba ta ragu ba, ƙafafu ne suka kumbura. Ma'aikata sun saba. Sukan jira abin ya wuce kamar yadda ake jiran mura.

Gwarzon wata kuwa bai wuce ba.

Shef ya bayyana shi ne wata safiya a harabar biro. Ma'aikaci, in ji shi, ba albashi kaɗai yake ci ba, yana cin yabo. Saboda haka duk ƙarshen wata zai zaɓi wanda ya fi kowa ƙwazo, a ɗauki hotonsa, a sa cikin gilashi, a rataye a bakin ƙofa, shi kuma ya ba shi hannu a gaban jama'a. Iyakar kyautar ke nan. Masanan atiliye sun ce kuɗi na kashe zuciyar aiki, kuma wannan binciken ya kwanta wa Shef a rai ƙwarai.

Na farko da aka rataye shi ne Nazir, mai kula da ɗakin ajiya, mutum mai garkar albasa a fadama da son a san yana da ita. Da hoton ya hau bango sai abokan aiki suka zo masa barka, kamar yadda ake zuwa wa wanda aka naɗa ko ya dawo daga Makka. Wanda aka zo wa barka ba ya sallamar mutane da ruwan randa. Nazir ya sa aka kayar da rago a harabar biro, aka gasa, aka ci har da masu wucewa. Ba wanda ya ce ya yi.

Wata na biyu ya faɗa kan Sani mai gadi. Sani ya ci na Nazir har da siɗar yatsu, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya jawo ragon da yake kiwo don layya. Wata na uku Rahila ce, sakatare. Mijinta ne ya kawo ragon da kansa, ya ɗaure shi a ƙofa, ya juya bai gaisa da kowa ba.

Shef ya kalli wannan duka da farin ciki. Ga shaida ƙiri-ƙiri cewa yabo na buɗe zuciya. A atiliye na gaba a Tawa ya haska hotunan ma'aikatansa suna yagar nama, ya sa wa abin suna tsarin Madawa, aka tafa masa.

Maiguwa ne ya kai tsarin Buza da Keita. A bayan mota gilasan hoto ne da ƙusoshi kawai. Ragon kuwa, in ana maganar gaskiya, a bakin Maiguwa ya yi tafiya, domin a duk inda ya zauna shan shayi sai ya ba da labarin haƙarƙarin da ya ci a Madawa. Mutanen Buza suka ɗauka suka ƙara kwalaben lemu. Na Keita, don kada a ce an fi su, suka ƙara maroƙi mai kirarin gwarzo da kakanninsa. Daga nan abin ya tsallake katangar ƙungiya. Masu gidan burodi da masu gareji suka ji an samo hanyar da ma'aikata za su yi biki ubangida bai fitar da ko sisi ba. Kafin damina ta tsaya, akwai gareji a Buza da hoton makanike a bango da ƙashin rago a ƙasa.

A biron Madawa kuwa, sai ƙwazo ya zama abin gudu. Nazir, da yake buɗe ɗakin ajiya tun kafin hantsi, ya fara mance inda ya ajiye makulli. Rahila ta koma buga takarda da yatsa guda. Kamiyon taki, babbar motar kaya, ya kwana a ƙofa ba wanda ya yi gigin sauke shi, don kowa ya san Shef na kallo ta taga. Wanda ya taɓa ba da ragonsa ma bai tsira ba, tunda ba a ce ba a maimaitawa ba.

Maiguwa ya duba cikin Husna, ya duba ragonsa, ya ga su biyun suna girma tare. Ya yanke shawarar zama lalataccen ma'aikaci har ranar suna.

Ya fara da makara. Ya zauna a gida yana kallon rana tana hawa, har Husna ta tambaye shi ko korarsa aka yi. Da ya isa biro sai ya tarar shi ne dai na farko. Ko Sani mai gadi, da a wurin yake kwana, ya san yadda ya yi bai iso ba tukuna.

Sai ya bar wanke mota. Ya daure har azahar, yana kauda kai duk lokacin da ya gifta ta, sannan ya tsinci kansa yana goge madubi da hannun riga. Ya zagaya da ita bayan ɗakin ajiya, inda ba mai gani, ya wanke ta tas. Shef, da ya fito fitsari, ya tsaya yana kallonsa. Ma'aikacin da ke aiki inda ba mai ganinsa, in ji masanan, shi ne ginshiƙi.

Ƙarshe ya gwada rashin kunya. Shef ya ce a kai iri Keita kafin a kai Buza, Maiguwa ya ce, "Shef, wagga shawara taka ba ta da kai."

Shef ya cire tabarau, ya miƙo hannu.

"Na gode, Maiguwa. Abin da nike nema ke nan. Wanda ke gaya ma shugaba gaskiya shi ne ƙungiya ke cikin ransa."

"Kai dai, Baban Jamila," in ji Husna da ya ba ta labari, "ko lalaci ba ka iya ba. Ka tahi wurin ƙanenka ya koya maka, shi da ya gaje shi."

Abin da ya cece shi a watan shi ne Shef ya lura albasa na ruɓewa a ɗakin ajiya, ya tafi Yamai neman magani. Ya dawo da shi. Kuskuren, in ji shi, shi ne zaɓen na saukowa daga sama. Daga yanzu ma'aikata ne za su jefa ƙuri'a su fitar da gwarzonsu da kansu.

Cikin mako guda aiki ya dawo. Nazir ya ga makulli, Rahila ta tuna tana da sauran yatsu, aka sauke taki. Shef ya ce ka ji amfanin ba ma'aikaci murya. Abin da ma'aikatan suka gane shi ne, tunda ƙuri'a ce, ƙwazo ba ya da haɗari kuma. Kuma tunda su ne masu ci, ba dalilin duba wanda ya fi aiki. Abin dubawa shi ne wanda ya fi rago.

Ranar Juma'a bayan la'asar Nazir da Sani suka yi sallama a gidan Maiguwa. Shekarunsu tare a wurin aiki ba su taɓa zuwa ba.

"Mun taho gaida mai nauyi," in ji Nazir. "Husna, ina gajiya? Allah shi sauke ki lahiya."

Yana maganar, idonsa na gindin dogon yaro.

"Tubarkalla. Mi kake ba shi, Maiguwa?"

"Ba shi da lahiya. Tari shikai."

"Wanga?" Sani ya riga ya isa wurin, yana danna bayan ragon da tafin hannu. "Allah shi ba mu irin wanga tari. Nazir, taho ka ji gadon baya. Sai ka ce katifa."

"Kumburi ne," in ji Maiguwa.

"To, Allah shi sawwaƙe. Ido ba mudu ba, amma ya san kima."

Washegari Rahila ta zo da sabulu da turaren wuta na mai jego, ta zauna a kan tabarma tana hira da Husna, fuskarta na wajen rago.

Bayan ta tafi, Husna ta ce, "Ka fidda shi daga garin nan. Ka kai ma Yaya Hafizu Garhanga, ka ce masu ya mutu. Ai ka ce tari shikai."

Hafizu wan Maiguwa ne, manomi, gidansa na bakin hanyar da ta tashi daga Buza zuwa Keita. A motar kasuwa ba zai yiwu ba, domin ƙanen Sani ne kamasho a tasha, kafin ragon ya hau labari ya isa biro. Saura motar aiki. Ranar Talata akwai buhunan irin gero da zai kai Keita, shi kaɗai. Ya tuna Ahmadu, wanda yanzu ke tura kurar ruwa a unguwar tasha. Ya tuna kuma zomo. Ya buga wa Hafizu waya ya ce ya jira shi da igiya.

Bayan sallar asuba ya ɗaure ƙafafun ragon, ya ɗaura masa tsumma a baki, ya kwantar da shi tsakanin buhuna, ya rufa tamfal a kai. Ya biyo ta ƙofar biro don a ga ya tashi kan lokaci. Shef na tsaye a wurin da jaka a hannu.

"Bin ka zan yi. Yau Keita ke bikin gwarzonsu na hwarko da ƙuri'a, ya kamata su ga shugaba."

Maiguwa ya buɗe masa ƙofa.

Ya ƙure rediyo, Shef ya kashe, yana son ya maimaita jawabinsa. Ya bi duk wani rami da gargadar hanya don ƙarar ƙarfe ta rufe abin da ke baya. Kusa da Buza ragon ya kai wa jikin mota shuri.

"Mi ne ne wanga?"

"Ƙarhen ƙasa ne, Shef. Ya daɗe shina yi."

"Kuma ba ka taɓa kai kuka ba." Shef ya girgiza kai da sha'awa, ya koma kan jawabi.

Da rumbunan Garhanga suka bayyana, Maiguwa ya dubi allon mota ya ce inji ya yi zafi, dole a tsaya. Ya tsaya gindin wani gawo, jifa guda daga gidan wansa. Ya nuna wa Shef rumfar mai shayi a ƙetaren hanya, inuwa mai sanyi, har da benci. Shef ya ce ya gode, amma yana da waya da zai buga. Ya zagaya yana ɗaga wayar sama yana neman layi, bai same shi ko'ina ba sai a bayan mota. Ya jingina da tamfal ɗin ya fara magana da wani a Yamai cikin Faransanci.

Hafizu ya iso da igiyarsa. Ya dubi ƙanensa, ya dubi mutumin da ke jingine, ya tsaya.

"Wana ne, Shef," in ji Maiguwa daga gaban mota, inda yake zuba ruwa a injin da bai nema ba.

Shef ya gama waya ya ba Hafizu hannu. "Malam, ina aiki? Igiyar mi ce?"

"Ta guga ce, ranka shi daɗe."

"Manomi ne kai? To, bari in tambaye ka. Masu yi maka noma, kana yaba masu?"

"Ɗiyana ne, ranka shi daɗe. Tuwo nike ba su."

Shef ya yi masa bayanin cewa tuwo kaɗai ba ya isa. Ya yi shi a tsanake, da misalai, bai matsa daga inda yake ba ko taku ɗaya. Ƙarƙashin gwiwar hannunsa tamfal na hawa yana sauka a hankali. Hafizu na cewa "Haka ne, haka ne," idonsa na kan tamfal. Da ruwan jarka ya ƙare, Shef ya duba agogo ya ce a tafi. A madubi Maiguwa ya ga wansa tsaye a tsakiyar hanya, igiya na lilo a hannunsa.

A harabar reshen Keita an shimfiɗa tabarmi. Maroƙi ya zo, mahauci na wasa wuƙa, gawayi ya kama. Rago ne kawai babu. Wadda aka zaɓa Hajjo ce, mai shara, tsohuwa da mijinta ya rasu. An zaɓe ta ne don ana raɗe-raɗin ɗanta da ya tafi biɗar kuɗi Abijan yana aiko mata. Ɗan bai aiko komai ba tun bara, amma wannan ba maganar da uwa ke faɗi ba ce. Tun safe take cewa ragon na bisa hanya. Tana zaune cikin sabon zane ƙarƙashin hotonta, fuskarta ba ta nuna komai.

Maiguwa ya so ya kai motar can bayan gini, amma ma'aikatan reshen, ganin Shef, suka rugo sauke kaya don a ga ƙwazonsu. Biyu suka kama tamfal suka yaye. Ragon ya riga ya tuɓe tsumman bakinsa. Ya ɗaga kai, ya dubi taron, ya yi kuka mai tsawo.

Mahauci ya daina wasa wuƙa.

Shef ya zagayo. Ya dubi ragon, ya dubi direbansa.

"Ragon wa ne?"

"Ragona ne, Shef."

"Mi shikai cikin motar aiki?"

Maiguwa ya shiga juya makullin mota a hannu. Shef kuwa mutum ne da ba ya barin tambaya ta daɗe ba amsa, in ba a ba shi ba sai ya ba kansa. Ya waiwaya ya ga gawayi ba nama, ya ga Hajjo, ya sake ganin rago. Fuskarsa ta washe sannu a hankali.

"Maiguwa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ji labarin Hajjo ba ta da shi. Ka ɗauko naka. Ka ɓoye mani hanya duka don kada in yaba maka. Haka ne?"

Akwai ɗan lokaci, bai fi na jan numfashi ba, da Maiguwa zai iya cewa a'a. In ya ce a'a, rago ya tsira, makullin mota ya tafi. Mai aiki na iya sake sayen rago wata rana. Mai rago ba ya sayen aiki da shi. Ya sunkuyar da kai, Shef ya ɗauki wannan a matsayin kunyar mutumin kirki.

Maroƙi bai jira an ba shi izini ba. Ya bar Hajjo da kakanninta ya koma kan Maiguwa, direban direbobi, mai ba da fari ya hau fara, wanda hannunsa bai san rufewa ba. Mutum huɗu suka sauke ragon suna nishi. Shef ya ninke jawabin da ya maimaita tun daga Madawa ya sa a aljihu, ya yi wani sabo da ka, wanda a cikinsa ya ce yau tsarin ya kai matakin da ko masanan ba su hango ba, inda reshe ke ciyar da reshe.

Aka kawo wa Maiguwa haƙarƙari a faranti na musamman. Ya ci, domin ƙin ci zai zama magana. Naman ya yi daɗi. Dusa da kanwa sun yi aikinsu.

Hajjo ta lallaɓo ta zauna kusa da shi, ta ajiye wani ƙunshi a gefen ƙafarsa.

"Ɗana, na san ba don ni ka kawo shi ba."

"Wa ya gaya maki, Inna?"

"Mai kyauta ba shi ɗaure ma rago baki." Ta gyara lulluɓi. "Allah shi maida maka. Ni dai ba ni iyawa, kada ka sa rai. Ga hwatar nan."

Husna na zaune a kan turmi lokacin da ya shigo da fatar a hannu. Ta dube ta da kyau, ciki da baya.

"Yaya Hafizu ne ya aiko ka da wanga?"

Ya ba ta labarin, bai rage komai ba sai daɗin naman.

"Bari in gane," in ji ta. "An ce za a ci ragonka Madawa. Sai ka ɗauke shi cikin mota, ka sha wahala, ka kai shi Keita anka ci. Don kada mutanen Madawa su gaji da tauna?"

"Da an kore ni."

"Ka ci?"

Ya karɓi fatar ya shiga ninke ta.

"Ya ci," ta gaya wa cikinta. "Ubanki ya ci ragon sunanki tun ba ki zo ba."

Labarin ya riga shi isa biro. Nazir ya zo da kansa ya ga fatar a shanye a kan katanga, ya yi masa jaje kamar na mutuwa. Ranar ƙuri'a Maiguwa ya samu guda ɗaya, ta Shef. Sauran duka suka tafi ga Nazifi mai lissafin kuɗi, wanda aka gani ranar kasuwa yana jan wani rago uda mai baƙin kai zuwa gida. Abin ya dami Shef. Ya kira Maiguwa biro ya ba shi haƙuri, ya ce butulcin taro matsala ce sananniya, akwai atiliye a kanta a wata mai zuwa.

Husna ta haihu kafin a ci ragon Nazifi. Mace ce.

Dangin Galma suka fara sauka da buhunan kayansu, kowace gwaggo in ta shigo sai ta dubi gindin dogon yaro, inda ba komai sai turke da guntun harawa, sannan ta yi barka. Ana saura kwana biyu suna Maiguwa ya shiga ɗakin mai jego ya zauna bakin gado.

"Akwai bunsurunki," ya ce.

Husna na da jan bunsuru dandaƙaƙƙe a gidan iyayenta, ƙato, na kiwonta tun kafin ciki.

"Akwai shi."

"Liman ya ce ya halatta."

"Ai ban ce haram ne ba."

"Sai dai danginki. Za su ce daga zomo na koma bunsuru."

"Ba mai cewa komi. Su sunka ba ni uwarsa, kowa ya zage shi ya zagi garken Baba." Ta juya jaririyar zuwa ɗaya hannun. "Wane suna ka yi niyya?"

"Kin sani. Na tsohuwata, Mariama."

"Allah shi jiƙanta. Ragonta an ci shi Keita."

Ya dube ta.

"Bunsurun na Galma ne, Baban Jamila. Mai shi ma tana da uwa, sunanta Zara."

"Suna na uba ne. Ko'ina haka anka sani."

"To, uban shi yanka abin da ya tanada. Ga hwata can bisa katanga."

Ya fita ya zagaya unguwa, ya je har bakin kasuwar dabbobi ya tsaya yana jin abin da dillalai ke faɗi, ya dawo. Da yamma aka aika Galma a kawo bunsuru.

Safiyar suna maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Shef ya zo da babbar riga, ma'aikatan biro na biye da shi, Sani na leƙen inda aka ɗaure abin yanka yana auna shi da ido. Kawun Husna, dattijon da ya fara maganar zomo, ya zauna daf da liman. Liman ya karkato kunne wajen Maiguwa.

"Wane suna?"

"Zara," in ji Maiguwa, can cikin maƙogwaro.

Liman ya gyaɗa kai zai fara addu'a, kawun ya dafa masa gwiwa.

"Dakata, Malam. Ɗaga murya, surukina. Mu na Galma kunnenmu ya yi nauyi."

Maiguwa ya ɗaga.